Sojan gefe da wan Rabi ya bar mini

Bana shekara tara ke nan da rasuwar wan Rabi. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma na hana a sa shi cikin wanga rubutu. Ɗan farina ne. Mu da anka haifa a Takanamat tun ba mu san kwalta ba, ba mu kiran sunan ɗan fari, ko yana tafiya bisa ƙasa ko yana kwance cikinta. Mutanen Tawa da sunka san shi Mushe suke ce masa, wato malamin boko, don ya daɗe yana koyar da lissafi a lise, makarantar sakandare. Ni kuwa da sunan ƙanwarsa nake kewaye shi, har gobe.

Ban shiga lakkwal ba, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba. Jikata Salamatu, ɗiyarsa, ita ke zaune gabana da bik, ina faɗi tana rubutawa. Na ce mata kar ta gyara mini magana. In kun iske wuri da kaushi, ni ce. In kun iske santsi, ita ce ta saɓa mini. Duk shekarun da sunka wuce ban ce komi ba. In lokacin ya zagayo sai in tuƙa tuwo a kai masallaci, shi ke nan. Bana na ce a rubuta a kai jarida, don bana ne na sa anka share abu ɗaya da ya bar mini da hannunsa. Ni na ba da umurnin, ina zaune anka yi. Ina son in faɗi yadda abin ya kasance tun da sauran hankalina.

Kakarsa ta wajen uba ita ta yaye shi, ta riƙe shi can ƙauye. Sai da munka sauko Tawa, anka rubuta shi lakkwal, sannan ya dawo hannuna. Daga nan har furfura ta fito masa a gemu muna gida ɗaya, ban taɓa zama gaba da gaba da shi mun yi hira ba. In ina da magana, Rabi nake faɗa ma, yana tsaye nan yana ji. In yana da amsa, Rabi yake ba. Wata rana Rabi ba ta ko buɗe baki, mu gama maganarmu ta bisa kanta tana tankaɗe. Matan yanzu in sun ji haka sai su riƙe baki, wai ƙeta ce. Ba ƙeta ba ce. In bakin uwa ya rufe, idonta ke yin aikin. Daga yadda ya jingine moto a zaure nake sanin ko yaran lise sun ɓata masa rai. Daga yadda ya fara rage tuwo na san ciwo ya kama shi, tun matarsa ba ta lura ba.

Ubansa, Allah ya jiƙan rai, ɗan dara ne. Can ƙauye, gindin aduwa, da ƴan tsinkaye da kashin raƙumi, sai ya wuni yana tona ramu cikin rairayi, ana ihu kamar an ci gari. Yaron ya gado shi, sai dai shi darar nasara ya kama, wadda suke ce ma eshek: allo mai gida baƙi da fari, da sarki da sarauniya da dawakai a baya, ga layin ƙananan sojoji a gabansu. Da ya samu hali ya sayo ordinatar, wadda wasu ke ce ma kwamfuta, wani ƙaton akwati da gilashinsa. Cikin akwatin ya zuba wani abu mai buga wasan da kansa, ba hannu ba ido. Wasu ne can nesa sunka ƙera shi sunka saki ma kowa. Shi ya ɗauko ya gyaggyara, ya sa masa suna Kunkuru, wai don ba ya gaggawa kuma ba ya son faɗa a fili.

Ɗakinsa zafi gare shi, saboda haka in an yi la'asar sai ya fito da tebur ƙarƙashin rumfa, ya jawo wayar kuran, wutar lantarki ke nan, ta taga. Ni kuwa tabarmata na can gefe, kusa da bakin madafa, ina tsintar wake. Sai ya shiga yi ma Rabi bayani. Rabi ko a jikinta, kitso take ma yarinya, tana cewa "to" inda ba a ce "to". Amma da murya yake yin bayanin, murya wadda ta fi ƙarfin mutumin da ke zaune kusa da gwiwarka. Na san wa ake ma karatun.

Ga abin da na fahimta. Shi Kunkuru, in wasa ya yi tsakiya an cakuɗe, ya fi kowane mutum lissafi. Amma a farko, sa'ad da kowa ke tsaye wurinsa ba a taɓa komi ba, hanyoyi sukan yi masa yawa, sai ya ɓata lokaci ko ya yi shirme. Shi ya sa ake ba shi littafi. Ba na takarda ba ne, ban taɓa ganinsa da idona ba, cikin injin yake. Tarin buɗin wasa ne na gwanayen da sunka gabata: in abokin karawa ya tura kaza, kai ka tura kaza. Muddin ana cikin littafi, Kunkuru ba ya tunani, turawa kawai yake, kamar mai biya abin da ya hardace. In littafi ya ƙare sai ya tsaya cik. A nan ne wata ƴar fanka da ke cikin akwatin take tashi da kuka. Ko ban ɗaga kai daga faifai ba na san wurin. In ce a raina, to, an sake shi, yanzu ya rage daga shi sai kansa.

Aikin wan Rabi duka, shekara da shekaru, zaɓen abin da za ya shiga littafin nan ne da abin da ba za ya shiga ba. Na zaci abu ne na yini ɗaya. Akwai manyan littattafai da ake samu kyauta, wasu sun riga sun tara. Wani abokinsa, shi ma mushe ne, mutumin Damagaram mai yawan magana, ya kawo masa ɗaya cikin ɗan makullin nan da ake soka ma inji, ya ce ba buɗin da babu a ciki. Wan Rabi ya zuba ma Kunkuru, ya gwada kwanaki, ya kwashe. Ya ce buɗin mafaɗata ne, masu ba da soja su ba da doki don wuta ta kama gidan abokin gaba. Kunkuru sai ya bi littafi ido rufe har tsakiyar wutar, littafi ya ƙare ya bar shi nan. Bai san don mi ya ba da dokinsa ba. Sai ya juya yana neman abin da ya ɓatar, a bi shi a gama da shi.

Ya ce, "Rabi, girman littafi ba shi ne kyansa ba. Mai kyau shi ne wanda in ya sake ka, ya sake ka inda ka san yadda za ka rayu."

Na ce, "Rabi, tambaye shi. Shi da anka jefa lakkwal ba a shawarce shi ba, an sake shi inda ya san rayuwa?"

Ya yi dariya har da buga tebur. "Ki ce mata har yanzu fankata na kuka."

Kowane buɗi sai ya gwada shi kafin ya yarda da shi. Ya haɗa Kunkuru da wani injin, su yi ta karawa da buɗi ɗaya, a gama a sake, a gama a sake, shi kuwa ya hau moto ya tafi lise. In kuran ya ɗauke tsakiyar aiki, an yi asarar yinin, sai a faro daga tushe. Ba wanda ya sa ni gadi, amma akuya ba ta taɓa kusantar teburin nan ba, yaran maƙwabta kuma sun san sandata. In ya dawo sai in ce ma Rabi wuta ta tafi bayan azahar. Ya yi tsaki, ya zauna ya sake ɗaura su. Bai yarda kuma Kunkuru ya zama mai ƙofa ɗaya ba. Ya ce in kullum ta wuri ɗaya kake fitowa, masu wayo za su karance ka su yi maka kwanto. Sai ya bar masa ƙofofi da dama, injin da kansa ke jefa ƙuri'a ya zaɓi wadda za ya bi ran nan. Ko shi mai shi bai san wadda za ta fito ba.

Wata la'asar, gab da faɗuwar damina, zafi kamar ya kashe mutum, na ga ya yi abin da ban saba gani ba. Kullum sojan tsakiya ake fara turawa, na gaban sarki ko na gaban sarauniya, ko kuma a fito da doki. Ran nan sai ya kama ɗan sojan da ke can ƙarshen layi, bakin allo, ya tura shi gaba. Ya zauna yana kallo yana murmushi shi kaɗai.

Rabi ta ce, "Yaya, wanga kuma ina za shi? Ko hanya ce ta ɓace masa?"

Ya ƙara ma muryar nan tasa ƙarfi. "Wanga buɗin tsohuwarmu ne. Kin taɓa ganin ta zo ma mutum ta gaba? Ta gefe take bi, tana tsintar wake, kamar ba da kai take ba. Kafin ka farga ta gama da kai."

Na ce, "Rabi, gaya ma mai inji, in ya gama koya ma ƙarfe rashin kunya, hurarsa na nan tana tsami."

"Rabi, ki ce mata na sa ta cikin littafi."

Na kwashi faifaina na shiga ɗaka, don fuskata ta so ta tona mini asiri.

Yana da hujja, ba tsokana ce kaɗai ba. Ya ce ba gwanin da ke buɗe wasa haka, saboda haka ba ya cikin littafin kowa. Da an tura sojan gefe, littafin abokin karawa ya ƙare nan take, dole ya fara tunani tun daga bakin ƙofa. Hujjar ta yi daɗin ji. Amma ina kallo, kuma in ban iya karanta lamba ba na iya karanta fuska. Faɗuwar buɗin nan ta fi cinsa yawa.

Akwai shekarar da ya shiga wata gasa ta waya, inda mutanen ƙasashe ke haɗa injunansu su kara, kowa yana zaune gidansa. Kunkuru ya yi nisa fiye da yadda kowa ya zata. A wasan da za ya raba gardama, ƙuri'a ta faɗa kan sojan gefe. Anka cinye shi. Mutumin Damagaram ya shigo ko sallama bai gama ba, ya cire hula ya buga da ƙasa.

"Mushe, don girman Allah ka fidda wagga tsiya! Ka yi renon abu shekara da shekaru, sannan ka gina masa rami a bakin ƙofa?"

Bai san tsiyar wa yake zagi ba, ga ta zaune bayansa da faifai. Wan Rabi ya zuba masa shayi. Sai da baƙo ya tafi ya juya.

"Rabi, gaya ma tsohuwa yau ta kada mu."

"Ki ce masa ban roƙi shiga ba. Ya fidda ni."

"Ki ce mata ba a fidda uwa daga gida. Sai dai a rage mata yawo."

Haka kuwa ya yi. Ya taɓa wani abu a ciki, ya zamana sojan gefe ba ya fitowa sai can ba a rasa ba, kamar tsohuwar da ba ta fita sai suna ko gaisuwar mutuwa. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi, kuma a kan ɗan soja ne da ko kama shi da hannu ba a iya yi.

Ciwon da ya tafi da shi bai yi gaggawa ba, bai kuma ja dogon lokaci ba. Da anka kwantar da shi gidan likita nakan je da hantsi, in zauna gefen gado ina fuskantar taga. In ce, Rabi, tambaye shi ko ya sha kunu. Ya ce, ki ce mata na sha. Ga kwanon nan ƙarƙashin gado, cike, ina ganinsa. Saƙo na ƙarshe da ya aiko mini, murya ta riga ta tafi, sai da Rabi ta sunkuya ta ji, ran nan kam da gaske ta zama ƴar aike. Ta ɗago ta ce, "Inna, wai ki hana awaki hawan tebur." Washegari da safe Allah ya karɓi abinsa.

Matarsa ta gama takaba, daga baya ta yi aure Maraɗi, ta bar mini Salamatu tana ƴar yarinya. Injin kuwa na naɗe shi da zane na tura ƙarƙashin gadona. Mutumin Damagaram ya zo ya nema, wai a kai ma yaran lise su amfana. Na ce masa an bar mini amana, ba a ce in raba ba.

Nakan zauna in tambayi kaina, da za a ɗago shi yau ya duba, mi za ya ce? Salamatu ta gaya mini tarhon da ke aljihun ɗan kabu-kabu yanzu yana ɗauke da abin da za ya cinye Kunkurun da, yana tuƙi yana hira. Ta ce akwai sababbin injuna da ba wanda ya ba su littafi, su kaɗai suke karawa da kansu har su gwanance. Ina jin da ya ga haka za ya zauna baki buɗe don murna, yini guda, sannan washegari ya tashi ya rasa abin yi da la'asarinsa. Duk abin da ya ƙone idonsa a kai, yanzu wai ƙarfe na yi ma kansa. Ni ban yarda da abin da ba wanda ya rene shi ba, mutum ko inji, amma ba a tambaye ni ba.

Abubuwa da yawa ba a tambaye ni ba. Na daɗe ban taka Takanamat ba, hanyar arewa ba kamar da take ba, sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya shiga mota. Masu zuwa sun ce aduwar na nan, amma tsofaffin dara sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, samari kuwa kowa ya sunkuya kan tarhonsa. A kasuwa ina jin mata suna ƙwala ma ɗan fari kira da sunansa na yanka, su rungume shi gaban jama'a. Ban ce sun yi laifi ba. Ban kuma ce ni na yi ba. Gajiya dai na yi da kallo.

Salamatu ta girma, ta shiga jami'a nan Tawa, kuma ba abin da ta zaɓa sai karatun ordinatar. Bara ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Shi kansa ya mutu, ko ƙyaftawa bai yi ba. Amma ta buɗe cikinsa, ta zaro Kunkuru da littafinsa, ta zuba su cikin nata, wani siriri mai naɗewa. Abin da ya fi ba ni haushi da nata, ba ya kuka. Shiru yake komi, ba ka sanin inda littafi ya ƙare. Ta ajiye shi ƙarƙashin rumfar nan dai. Ni ma na jawo tabarmata wurinta na da. Ban tambaye ta komi ba. Makonni ina tsintar wake, idona na bakin allo.

Wata la'asar ya fito. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya kira shi, ɗan sojan nan na ƙarshen layi ya matsa gaba shi kaɗai. Na ajiye faifai. Tun ranar likita ba wanda ya sake yi mini magana ta bisa kan Rabi, sai ran nan. Na zauna har wasan ya ƙare. An cinye shi, kamar yadda ya saba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Bana sai ga maganar gasa a Yamai, ta ɗalibai. Kowa ya zo da injin da ya gyara, a kara. Waɗanda sunka yi fice za a ɗauke su su ƙaro karatu gaba, karatun da ni da Rabi ba mu da halin kai ta. Wasannin kuma kaɗan ne, in ka yi tuntuɓe an wuce ka. Yarinya ta duƙufa. Ta sake ma Kunkuru abubuwa da yawa a ciki, ta bi littafin uban ƙofa ƙofa tana gwadawa kamar yadda yake yi, ta zubar da buɗinsa da dama ko gezau, don zamani ya wuce su. Sai na ga ta fara rage tuwo. Na san rage tuwon gidan nan. Na jira.

Ran nan ina alwalar azahar sai na jiyo ta cikin madafa da Rabi, da wata murya da ta fi ƙarfin madafa: "Gwaggo, da za ki tambayar mini Kaka wani abu..."

Muryar ba tata ba ce ita kaɗai, har da ta ubanta a ciki. Amma na daure. Na ce, "Ke, fito nan. Ni na haife ki? Ke ce ɗiyar farina? Zo ki zauna gabana ki dubi idona, ja'ira."

Ta zo ta zauna tana murza bakin mayafi. "Kaka, injunan yanzu ba su yafe kuskure. Duk sa'ad da sojan gefe ya fito, an cinye mu. Na rage masa fita har iyaka, amma muddin yana ciki, yana iya fitowa ranar da ba a so."

"To mi kike jira?"

"Baba ya ce ba a fidda uwa daga gida."

"Kina wasan ƙasa lokacin. Wa ya gaya miki?"

Rabi ta shiga hura wutar da ke ci da kyau.

Na ce, "Ubanki ya faɗi wannan sau ɗaya, yana tsokanata. Abin da ya yi ta faɗi har kunnena ya gaji, ina zaune nan wurin, shi ne littafi ya saki mai shi inda za ya rayu. Mutumin Damagaram baki gare shi, amma ran nan gaskiya ya faɗi. Ubanki ya faɗa ramin, ya tashi ya kaɗe riga ya koma lise, bai rasa komi ba sai hira. Ke in kin faɗa, karatunki ne. Ban rene ki don in zama rami a bakin ƙofarki ba. Ɗauko injin."

Ta yi kuka, ta ce za ta ajiye mini tsohon littafin daban cikin ɗan makulli, ba abin da za ya ɓace. Na ce ta ajiye. Yana nan cikin kwallata tare da tazbaharsa. Amma kar a ruɗe ni. Abin da ke kulle cikin kwalla kayan mamaci ne. Abin da ya bar mini ba shi ne ba. Abin da ya bar mini shi ne, Kunkuru yana can yana faɗa da baƙi a wata ƙasa, ba zato ba tsammani sai in fito. Wannan ne na ce a share.

Na zaci za a ji wani ƙara, ko a ɗauki lokaci. Yatsa ɗaya ta sa. Ta ce, "An gama." Na ce to, tashi ki ci tuwonki.

Bayan kwana biyu ta zo mini da wani labari, fuska a sake. Wai sababbin injunan nan masu koya ma kansu, an lura suna son tura sojan gefe, ba wanda ya nuna musu. "Kaka, ashe Baba ya hango wani abu." Na ce, a farkon wasa suke turawa? Ta ce a'a, sai an yi nisa. Na ce, "To kar ki lallashe ni, ni ba yarinya ba ce. Ubanki bai hango komi ba. Uwarsa yake tsokana." Kuma na fi son haka.

Ta tafi Yamai ta dawo. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, amma tana cikin waɗanda anka kira. In damina ta ɗauke za ta tafi. Na san da haka tun ranar da na ce ta ɗauko injin: na fidda sojan don hanya ta buɗe mata, hanyar kuma ita za ta raba ni da ita. Rumfar za ta koma ta awaki.

Yanzu in na auna abin da ya saura nasa, ba shi da yawa, kuma ba inda na zata yake ba. Akwatin ya mutu. Littafin da ya ci shekarunsa, ɗiyarsa ta sake fiye da rabinsa, kuma da yana nan shi za ya riƙe mata kujera. Akwai manyan mutane da ke tsayar da moto a kasuwa su durƙusa su gaishe ni, su ce Mushe ya koya musu lissafi. Ina amsawa, ban san fuskokinsu ba. Abin da na tabbata ya saura shi ne halin nan na ƙin haɗiye abu don girmansa, sai an gwada an ga ko ya dace da mai ɗauka. Yana jikin yarinyar. Da muryar nan mai fin ƙarfin ɗaki, in ana son wani na gefe ya ji.

Shekara tara ina gaya mata in an yi kaza ki yi kaza. Nawa ya kusa ƙarewa. Ko na sake ta inda ta san yadda za ta rayu, ban sani ba. Can za a gani, ba na wurin, kuma ba fankar da za ta gaya mini.

Da munka kawo nan ta ɗaga bik ta ce, "Kaka, masu karatu za su so sunansa, don su yi masa addu'a." Na ce Allah ya san wanda ake nufi. Ta ce ita dai ba ta rufe takardar ubanta ba suna. Taurin kan ma nasa ne. Rabi na tsaye bakin madafa da ludayi. Na juya wajenta.

"Rabi, gaya ma mai bik, tsakiyar takarda tawa ce. Gefe kuwa ban san abin da ke faruwa can ba, ni ba karatu na iya ba."

Na ji bik ya yi ɗan motsi can bakin takarda. Bai daɗe ba, sunan gajere ne, ina ɗaka na ji liman ya raɗa shi. Ban duba ba.

An ce mini jarida ba ta buga abin da ke gefe. Ku da ke karantawa, ku ce Allah ya jiƙan wan Rabi. Za ya isa inda za shi.